Ginin ƙaramin kan jirgin Brill: injin gona a kan layin dogo

14 ga Oktoba, 2023

Na tsayar da shawara a kan abin da zan gina: ƙaramin samfurin kan jirgin ƙasa na kamfanin Aveling & Porter mai lamba 807, wanda aka ƙera a Rochester ta yankin Kent a Ingila a 1872. Ba irin kan jirgin da aka saba gani ba ne. Injin tururi ne na gona, irin wanda ake jan kaya da shi a hanya a kuma juya injin sussuka, aka cire masa ƙafafun hanya aka sa masa na layin dogo. Silinda guda ɗaya ce, tana zaune a saman tukunya kusa da bututun hayaƙi. Fistin da kwanrod da karanshaf duk a fili suke a sama, ga ƙaton fulawil a gefe irin wanda muke gani a jikin injin niƙa. Daga nan giya da sarƙa ne suke kai ƙarfi ga ƙafafu. Direba ba shi da rumfa, rana da ruwa duk a kansa.

Dalilin zuwansa duniya shi ne ya ja ni. Basaraken Buckingham na uku ya shimfiɗa ɗan layi a ƙasarsa a 1871, daga tashar Quainton Road zuwa Wotton, a shekarar da ta biyo aka kai shi gindin tudun garin Brill. Duka-duka mil shida ne, kuma don dawaki aka yi shi. Da kaya suka yi wa dawakin yawa, mutanen Brill kuma suka nemi a riƙa ɗaukar fasinja, sai aka rasa kan jirgin da layin zai iya ɗauka, domin ƙarfensa ba shi da kauri. Aka sayo waɗannan injinan gona guda biyu, 807 da 846, kowanne a kan kusan fam 400. Mutanen yankin suka laƙaba musu Old Chainey saboda ƙarar sarƙar.

Na duba wasu 'yan'uwansa kafin in zaɓa. Akwai Sirapite na 1906 da ke Leiston, akwai The Blue Circle na 1926 da ya yi aiki a masana'antar siminti a Kent. Dukansu sun fi 807 kyan gani, amma giya ce zalla a jikinsu, kuma sun fara kama da jirgi na sosai. Ni wanda bai gama rabuwa da gona ba nake so.

Ma'auni: milimita 7 a madadin ƙafa ɗaya ta awon tsawo, wato kashi 1 cikin 43.5. Faɗin layin Brill milimita 1435 ne, daidai da na jirgin Abuja zuwa Kaduna. In ka raba za ka sami 33, amma layin da masu wannan ma'auni suke amfani da shi 32 ne, shi zan bi.

29 ga Oktoba

Zane. Hotuna nake aunawa, in ɗauki faɗin layi a matsayin abin da na tabbatar, in fitar da sauran daga gare shi. Hoton da aka ɗauka a karkace yana gajarta abin da ke nesa, shi ya sa ba na yarda da awo sai hotuna biyu sun yi daidai a kansa. Na tsayar da ƙafafu a milimita 21, fulawil a 30, tukunya kuma bututun tagulla mai faɗin 20. Inda hoto bai nuna ba, kamar ƙarƙashin tukunya, zan bi yadda kamfanin yake gina sauran injinansa na wancan zamani.

11 ga Nuwamba

Kafin in yanka ƙarfe ko ɗaya sai da na zauna a kan lissafin gudu, domin a nan ne irin wannan aiki yake rayuwa ko ya mutu.

Na gaskiyar ƙarfin doki shida gare shi. Iyakar gudunsa mil 8 a awa, a aiki na yau da kullum kuwa wajen mil 4 yake yi. Mil shida ɗin nan sai ya ci fiye da awa ɗaya da rabi a kansu, da tsaye-tsayen ɗaukar madara da sauke kwal. Mai sauri a ƙafa ba zai bar shi ya yi masa nisa ba. To in ka mayar da mil 4 a awa zuwa ma'aunina, santimita 4 da ɗoriya ne a daƙiƙa. Mita ɗaya a daƙiƙa 24. Kewayen ƙafa mai faɗin milimita 21 kusan 66 ne, ke nan ƙafar za ta juya sau 37 a minti, in an ƙure wuta kuma sau 75.

Yawancin ƙananan jiragen da ake sayarwa suna gudu fiye da kima, mutane sun saba har ba sa lura. A wannan ba zai ɓoyu ba, saboda idon mai kallo a kan fulawil yake. In ya yi sauri har sandunan cikinsa suka ɓace, fistin ya koma karkarwa, an rasa abin da aka gina shi dominsa.

Na sami ƙaramar mota mai bolt 12, irin wadda ake kira N20, mai akwatin giya a bakinta, tana ba da juyi wajen 150 a minti. Faɗinta milimita 12 ne da 10, za ta shige cikin akwatin wuta a tsaye. Giya biyu masu karkataccen haƙori za su raba juyin gida biyu kafin ya isa sandar ƙafafun baya. Ko yaro ya murɗa wuta har ƙarshe, ba za a wuce mil 8 ba.

Abu ɗaya ne zai saɓa wa na asali, kuma babu makawa. A can ƙarfi daga sama yake saukowa: fistin ya juya karanshaf, karanshaf ya juya giya, giya ta ja sarƙa. A nawa daga ƙasa zai hau, ƙafafu su ja sarƙa, sarƙa ta juya giya, karanshaf ya tura fistin. Mai kallo ba zai bambance ba muddin komai yana tafiya tare.

2 ga Disamba

Shasi ya tsaya. Falle biyu na tagulla mai kaurin milimita 0.7 na manne da dalma, na yanka su tare, na huda ramukan sandunan ƙafa tare, sannan na raba su da wuta. In an huda su ɗaya bayan ɗaya, ko bambancin gashi ne sai jirgi ya riƙa tafiya a kaikaice.

Zarton da nake aiki da shi na maƙeran zinariya ne, mai ruwa siriri kamar zare. Wani dattijo mai ƙera 'yan kunne a kasuwa ne ya sayar mini da ruwan, ya kuma zaunar da ni ya ga yadda nake riƙewa.

"Ɗana, kai kake tura zarton. Bar shi ya ci da kansa. Hannunka sama da ƙasa kawai, ƙarfen za ka riƙa juyawa."

Na ce, "Baba, to in na zo kwana fa?"

"Ka ci gaba da ja a wuri ɗaya, kana juya fallen a hankali har ya buɗe wa kansa hanya. Kuma ka goga masa kakin zuma."

Tun daga ranar ruwan zarto ya daina karye mini a kwana.

23 ga Disamba

Ƙafafu huɗu sun dawo daga wurin mai injin juya ƙarfe. Da farko ya ce aikin ya yi wa injinsa ƙanƙanta, da na nuna masa hoton sai ya karɓa, har ya ce in kawo masa ya gani in an gama. Kowace ƙafa na sa mata bushin roba a tsakiya don kada wutar layin dama ta haɗu da ta hagu ta cikin sanda. Tazarar da ke tsakanin bayan ƙafa da bayan 'yar'uwarta milimita 29.2, na yanka guntun ƙarfe daidai wannan awo ina gwadawa da shi.

13 ga Janairu, 2024

Wannan makon na tukunya ne da akwatin wuta, kuma a nan na fi daɗewa.

Akwatin wuta na injin gona shi ne ƙashin bayansa. A kan jirgi na sosai, tukunya kaya ce da shasi yake ɗauke da ita. A injin gona kuwa tukunyar ce take ɗauke da komai, silinda a kanta, karanshaf a kanta. Thomas Aveling, wanda ya haɗa gwiwa da Richard Porter a 1862, ya yi suna ne a kan wannan matsala. A 1870 ya yi rajistar dabarar ƙara wa fallayen gefen akwatin wuta tsawo su zarce sama, su riƙe karanshaf da giya, don kada jijjigar inji ta riƙa sassauta kusoshin da ke jikin tukunya. Ni ma a ƙaramin nawa fallayen gefen nan su ne za su riƙe karanshaf, don haka na yi su da kauri fiye da yadda ma'auni ya ce, na ɓoye kaurin daga ciki.

Kawunan ribit kuwa, wato kusoshin da suke haɗa fallayen ƙarfe, da allura nake fitar da su. Na dakushe bakin allurar ɗinkin buhu, na shimfiɗa fallen tagulla mai kaurin 0.25 a kan guntun dalma, na ja layi a bayansa, ina ɗora allurar ina sakar mata ɗan nauyi daga tsayi ɗaya kullum. Kowane bugu sai ɗan ƙullutu ya fito a fuska. In nauyin ya bambanta, ƙullutun ma sai ya bambanta, ido kuma nan take yake kama wanda ya fi 'yan'uwansa. Bayan an gama layi fallen yakan lanƙwashe, sai in kifa shi a kan gilashi in danna da katako mai laushi ta tsakanin ƙullutan. Kafin in naɗe saman akwatin na gasa fallen har ya yi ja, na bar shi ya huce. Tagullar da aka gasa tana bin hannu ba gardama.

Dalma iri uku nake amfani da ita, bi da bi. Mai narkewa a zafin digiri 188 ga manyan gaɓoɓi, mai 145 ga abin da ya biyo baya, mai 70 ga ƙananan kaya na ƙarshe. Da haka ba ka narka aikin jiya garin manna na yau. Kuma duk daren da na taɓa dalma sai na wanke aikin da tsohon buroshin haƙori da sabulu, in ba haka ba ruwan dalmar zai wayi gari ya zama kore a lunguna.

27 ga Janairu

Bututun hayaƙi. Na ɗaure sandar tagulla a bakin injin huda, yana juyawa ina bi da magagari har ya fito da siffarsa, siriri a ƙasa, ya ɗan buɗe a sama. Hazo ya yi yawa, ƙura tana shiga ko'ina. Na koma rufe aikin a cikin robar abinci mai murfi.

17 ga Fabrairu

Fulawil da karanshaf sun hau, kuma yau ne karo na farko da abin ya yi kama da kansa.

Fulawil ɗin daga falle mai kaurin milimita 2 na yanko shi. Na huda rami a kowane gurbi tsakanin sanduna, na zura ruwan zarto, na yanke, sannan na bi kowace sanda da ƙaramin magagari ina kashe mata kaifi har ta yi kama da abin da aka zuba a maƙera. Bakinsa na waje zobe ne daban da na yanko daga bututu na manna. Abin da ya fi cin lokaci shi ne tsayar da shi sak a kan karanshaf. Ƙafa mai faɗin 30 in ta karkace da rubu'in milimita, da ta fara juyawa za ka ga tana rangaji. Na sa dalmar tana narke, na juya shi a hankali kusa da wata allura da na kafa, ina gyarawa har bakin ya daina kusantarta yana nisanta.

Karanshaf guntaye biyar ne a haɗe. Dabarar ita ce ka bar doguwar sandar a miƙe ta ratsa kumatun biyu, ka manne komai, sai daga baya ka yanke tsakiyar da ke tsakanin kumatun. Haka gefen dama da na hagu suke zama a layi ɗaya.

Giyar da ke tsakanin karanshaf da sandar sarƙa ɗaya haƙori 12 ɗaya 36, tazarar cibiyoyinsu milimita 12. Fulawil zai juya sau uku kafin ƙafa ta juya sau ɗaya. A gudun mil 4 wajen sau 110 ke nan a minti, ido yana iya bin kowace sanda, yana kuma ganin kwanrod yana shiga yana fita. Na saka siririn takardar sigari tsakanin haƙoran lokacin da nake kafa su, don a sami ɗan sarari. Giyar da aka matse tana kuka, tana kuma cinye ƙarfin motar.

Ɗan ƙanena ya tsaya yana kallo ina juya shi da yatsa. Ya ce, "Baffa, wannan jirgi ne ko injin markaɗe?" Na ce masa tambayar da mutanen Brill ma za su iya yi ke nan a 1872, kuma in ya ci gaba da kawo wannan tambaya a bakin duk wanda ya gan shi, aikin yana kan hanya.

9 ga Maris

Sarƙa. Ta roba ce, Delrin, kowace gaɓa wajen milimita 3, ana ɓalle ta ana haɗawa da farce. Ta ɗan fi ma'auni girma, amma tana aiki da gaske, kuma na fi son sarƙar da take ja a kan ta ado da ba ta motsi. Tsawonta sai ya zo daidai da adadin gaɓoɓi, ba a rage rabin gaɓa, don haka na sa ƙaramin gargare mai ramin gyara a tsakiya, in ta saki in matsa shi. Na bar ta da ɗan sassauci da gangan. Tana wata 'yar ƙara ƙas-ƙas in tana tafiya, ba zan kashe wannan ƙarar ba.

6 ga Afrilu

Azumi da zafi sun rage aikin, sai bayan sallar asham nake ɗan taɓawa. Gwajin farko a kan layi: yana tafiya, amma yana tsayawa a mahaɗar ƙarfe. Sanadin a bayyane yake. Abu mai ƙafa huɗu a kan shasi mai tauri, uku ne kawai suke taka layi a lokaci ɗaya, in ɗaya daga cikin ukun ta hau datti wuta ta yanke. Jirgi mai gudu yakan wuce wurin da ƙarfin tafiyarsa. Wannan ba shi da gudun da zai cece shi.

20 ga Afrilu

Na faɗaɗa ramukan sandar gaba zuwa sama da ƙasa, na sa wata 'yar sanda a tsakiya da take zaune a kanta, ta yadda za ta iya lilo kaɗan, rabin milimita kowane gefe. Yanzu ƙafafu huɗun duk suna ƙasa ko layi bai daidaita ba. Sarƙar ta haƙura da wannan motsi saboda sassaucin da na bar mata. Wayoyin ɗaukar wuta masu kaurin 0.3 suna shafar bayan kowace ƙafa, ba da ƙarfi ba.

Sai nauyi. Mota da giya duk a baya suke, gaba ya yi sakayau, da na rataya masa tarago biyu sai ƙafafun gaba suka fara neman ɗagawa. Abin da na asalin ma ya yi fama da shi ke nan: in kaya suka yi masa yawa gabansa yakan ɗaga, kuma sauka daga layi ba baƙon abu ba ne a Brill. Rashin ƙarfinsu da yawan matsalarsu ne suka sa tun a 1876 da 1877 aka kawo kawunan jirgi na kamfanin Bagnall su karɓi yawancin aikin. Na naɗe fallen dalma na cusa a gaban tukunya har ma'aunin nauyi ya dawo tsakanin ƙafafu.

Na auna mita ɗaya a kan layi na riƙe agogo. A rabin wuta daƙiƙa 25, babu tsayawa, babu fizga.

18 ga Mayu

Ƙananan kaya: bututun ruwa daga wayar jan ƙarfe, famfo, sandar birki, usur, akwatin kwal. Na yanka ɗan dokin nan mai tsaye da ƙafafun baya, tambarin Kent da kamfanin yake sa wa injinansa, tsawonsa bai kai milimita 5 ba. Da gilashin masu gyaran agogo na yi shi.

8 ga Yuni

An yi ruwa, ƙura ta kwanta, lokacin fenti ya yi. Na wanke shi tas, daga nan ban sake taɓa shi da hannu tsirara ba, domin maiƙon yatsa yana hana fenti kama tagulla. Shafin fenti na farko mai cin ƙarfe ne, siriri ƙwarai don kada ya cike ribit. Da danshin damina sai an ba kowane shafi kwana biyu.

A kan launi na yi ta tunani. Na asalin yana nan da rai. Bayan an sayar da su biyun ga masana'antar bulo ta Nether Heyford a 1895, aka riƙa cire kayan 846 ana gyara 807, shi kuma ya yi aiki har aka rufe masana'antar a 1940. Wato ya wuce layin da aka saye shi dominsa, wanda aka rufe ranar 30 ga Nuwamba, 1935. Hukumar sufurin Landan ta gyara shi a Neasden a farkon shekarun 1950, an kuma baje shi a tsohuwar tasharsa ta Quainton Road, wadda yanzu gidan adana jiragen ƙasa ce. A can kore ne, tsaf, yana ƙyalli. Koren zan bi, amma ƙyallin ban yarda da shi ba. Wanda nake ginawa shi ne na wajen 1875, mai jan madara da taki da kwal a cikin taɓon Buckinghamshire, wanda mutum ɗaya yake tuƙawa yana kuma zuba masa kwal. Toka za ta zauna a bayan tukunya, baƙin mai zai gangaro daga karanshaf, sarƙa ta yi maiƙo, farin gishirin ruwa ya bushe a bakin famfo. Bakin fulawil ne kaɗai zan bari da haske, inda hannu da bel suke gogawa.

29 ga Yuni

Kore ya hau, baƙi ya hau. Na mayar da karanshaf da giya, na kankare fenti daga kan ƙafafu da ramukan bushi, na ɗiga man keken ɗinki da bakin allura. Ya sake yin mita ɗaya a daƙiƙa 25.

Dattin jiki sai fentin ya yi mako biyu ya ƙeƙashe. Kafin nan zan fara guntun layin da zai zauna a kai. Na Brill ba a gicciye katakansa suke ba, a tsaye aka shimfiɗa su ƙarƙashin kowane ƙarfe, don kada dawaki su yi tuntuɓe, sai 'yan sanduna jefi-jefi suna riƙe faɗin. Babu mai sayar da irinsa, sai na yanka katakan da kaina, kuma ƙarfen layin da ke hannuna ya yi kauri, zan nemi na ƙaramin ma'auni wanda ya fi kusa da mai nauyin fam 30 a yadi da aka shimfiɗa a 1871. Taragon madara da direba suna jira sai bayan layi.